Sunan Tafiya da Halin Matafiyi: Nazari a kan Jigon Tafiya a Ƙagaggun Labaran Hausa na Farko

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya karanta ƙagaggun labaran Hausa na farko, watau waɗanda suka samu daga gasar da Dokta R. M. East ya shirya a 1933 a ƙarƙashin Hukumar Talifi ta Zariya, zai lura ba a cika barin tauraro ya zauna a gida ba. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar Kwantagora har shekara 15. Umar na littafin Shaihu Umar an ƙetare hamada da shi tun yana yaro. Ganɗoki ya nausa gabas bayan Turawa sun ci ƙasa. Abubakar na Jiki Magayi ya shiga duniya neman maganin da zai rama cutar da aka yi masa.

An saba bayyana wannan da cewa tafiya igiya ce kawai da marubucin ya ɗaure ƙananan labarai da ita, kuma ya aro dabarar ne daga tatsuniya da littattafan Larabawa irin su Dare Dubu da Ɗaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta ƙosar ba, domin ba ta gaya mana dalilin da ya sa wani matafiyin ya komo da arziki wani kuma ya halaka a hanya ba. Abin da wannan takarda za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a wurin Bahaushe kowace tafiya tana da suna, sunan nan kuwa shi ke tsara yadda mutum zai tashi, da wanda zai bi, da inda zai sauka, da irin tarbar da zai samu. Marubutan farko sun gaji wannan tsari, sun gina labarunsu a kansa, kuma a nan ne ƙarfinsu da rauninsu suka fi fitowa fili. Za mu fara da harshe, sa'an nan al'ada, kana mu auna littattafan.

2.0 Tafiya a Bakin Bahaushe

In aka ce wa Bahaushe wane ya yi tafiya, abin da zai fara tambaya shi ne, "Wace irin tafiya?" Amsar kuwa tana da rassa. Akwai fatauci, na mai dogon zango da jari. Akwai ƙoli, na mai ƙananan kaya da ke cin kasuwannin ƙauye. Akwai ci-rani, na manomin da ya kau da bakinsa daga rumbu bayan kaka, da niyyar komowa kafin shuka. Akwai almajiranci, da aikin hajji, da hijira, da ziyara, da zumunci. Waɗannan duka al'umma ta amince da su, kuma kowannensu yana da haƙƙin da yake jawo wa mai yin sa: almajiri yana da sadaka, falke yana da masauki, alhaji yana da taryar dangi da laƙabin da zai bi shi har kabari.

A ɗaya gefen akwai kalmar "yawo". Ita wannan kalma, in ba a jingina ta da wani abin kirki ba, zargi take ɗauke da shi. Ana cewa yawon banza, da yawon duniya, da gantali, da ragaita. Wanda aka ce ya shiga duniya, ko ɗan duniya ne, an riga an yanke masa hukunci. Ke nan ma'aunin da harshen ya kafa shi ne niyya: tafiya mai dalili da sanin iyaye ko malami ko maigida, da kuma tafiyar da ba a san kanta ba.

Karin magana ma ya bi wannan rabo. Bahaushen da ya ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi," shi ne dai ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Wanda ya ce, "Tafiya mabuɗin ilmi," shi ya ce, "Hanyar lafiya a bi ta da shekara." Mai gaggawa zai ce karin maganar suna karo da juna. Alhali kowanne da irin tafiyar da yake nufi: na farko yana zuga mai nema, na biyu yana jan kunnen wanda ya yanke zumunci.

Har ila yau akwai shaida daga nahawu. Aikatau mai ƙarewa da wasalin -o, wanda F. W. Parsons ya sa a aji na 6 a cikin rabon da ya yi a 1960, yana nuna aikin da ya fuskanto mai magana: fita da fito, koma da komo, saya da sayo. Gaisuwar matafiyi cike take da wannan siga. Mai rakiya yana cewa, "Sai ka dawo," ko "Ka sayo mana tsaraba." Mai tarya yana cewa, "Ka baro su lafiya?" Watau tun a bakin ƙofa an riga an ɗora wa mai tafiya bashin komowa, kuma ba a son ya komo hannu rabbana. Ba muna cewa nahawu ne ke juya ƙafar mutum ba, domin harsuna da dama suna da irin wannan siga. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya tashi yana jin waɗannan kalmomi kullum ya koyi auna kowace tafiya daga gida, kuma da abin da ta kawo wa gida.

3.0 Ayari, Zango da Fatoma

Al'ada ta gina wa waɗannan sunaye hukumomi. Mafi shahara shi ne ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja, wanda Mahdi Adamu (1978) da Paul Lovejoy (1980) suka yi bayaninsa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan sana'a a ƙarni na 19, suna kai kanwa da tufafi da dabbobi kasuwar Salaga, suna komowa da goro, tafiyar watanni. Ayari yana da madugu, wanda ke yanke shawara, ya yi ciniki da sarakunan hanya a kan kuɗin fito. Yana da jagaba a gaba, da uban dawaki, da malamin da ke duba ranar tashi ya yi addu'a. Falke ba ya tashi sai ya nemi sa'a, ya yi sadaka, ya yi bankwana, ya ɗaura guzuri. Akwai ma ranakun da mutane da yawa ke ƙin fita, irin su Larabgana, watau Larabar ƙarshen watan Safar.

In ayari ya isa gari, sai zango. A can akwai fatoma, ko maigida, mai saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in an yi rikici. Karin maganar da ke cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, da kuma wadda ke cewa da ɗan gari akan ci gari, su ne tushen wannan hukuma. Abner Cohen ya nuna a 1969 yadda cinikin shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan ya dogara a kan masu gida, da harshe guda, da addini guda. Wanda ya iya Hausa, ya iya sallama, ya san sunan maigidan da zai nema, yana iya tashi daga Kano ya isa Kumasi bai kwana a waje ba.

Abin lura a nan shi ne makomar kalmar "zango". Asalinta wurin yada kaya ne na kwana ɗaya ko biyu. Amma a Gana ta zama sunan unguwannin da aka haifi kakanni da jikoki a cikinsu. Mutum yana zaune shekara 100 a wuri, harshensa yana ce masa a kan hanya yake. Haka C. Bawa Yamba ya tarar a Sudan, a littafinsa na 1995, inda jikokin mahajjatan da suka tafi a ƙasa suke ɗaukar kansu matafiya Makka har a lokacin bincikensa. Sunan tafiya yakan fi tafiyar kanta tsawon rai.

4.0 Littattafan a Kan Ma'auni

4.1 Ruwan Bagaja

Abubakar Imam ya fara da ba tauraronsa dalili mai ƙarfi. An kunyata Liman, wanda ya riƙe shi, a gaban fada saboda ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan sarki, sai Alhaji ya tashi don ya wanke shi. Wannan niyya ita ce lasisin tafiyar. In aka cire ta, abin da Alhaji ya yi ta aikatawa a garuruwa, na damfara da ƙarya da wasa da hankalin mutane, yawon duniya ne tsantsa, kuma babu abin da ya raba shi da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Mai karatu yana yafe wa Alhaji domin ya san inda ya dosa, kuma ya san zai komo.

Gwanintar Imam ita ce ya gane cewa amanar da al'ada ta ba baƙo kasuwa ce ga mayaudari. Alhaji yakan shiga gari da rigar malanta, domin ya san malami baƙo ba ya rasa masauki da tuwo. A wurin da Zurƙe ya nemi tona masa asiri, Alhaji ya zana wata alama a ƙasa, Zurƙe ya karanta ta a matsayin harafi, Alhaji ya ce jinjirin wata ne, jahilan gari suka goyi bayansa. Dariyar da ke nan ta mutanen gari ce da suka karɓi suna ba su bincika mai sunan ba. Raunin littafin kuwa shi ne hanya ba ta da nauyi a cikinsa. Ba a jin ƙishirwa ko gajiya ko tsadar guzuri, garuruwan kuma kusan kamarsu ɗaya, ana iya musanya wannan da wancan labarin bai girgiza ba. Imam ya san mutanen zango sarai, amma bai damu da abin da ke tsakanin zango da zango ba.

4.2 Shaihu Umar

A nan ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi fice. Hanya a littafinsa tana da rana da yashi da tsoro, ayari yana da tsari, guguwar hamada kuma tana binne mutane. Ban da haka, ya jera tafiye-tafiye iri iri a labari guda: korar Makau daga Kagara saboda sharrin fadawa, da zuwan uwar Umar ganin iyayenta, da satar yaro, da ayarin Larabawa daga Kano, da fitar uwa neman ɗanta.

In aka gwama tafiyar Umar da ta uwarsa za a ga hukuncin al'ada ƙarara. Umar bawa ne sa'ad da Abdulkarim ya tafi da shi. Amma yana cikin ayari, yana da uban gida, ƙarshen tafiyar kuma karatu ne, saboda haka ya komo da sunan Shaihu, ya zauna a Rauta ɗalibai suna kewaye da shi. Uwar kuwa ɗiya ce sa'ad da ta fita, kuma babu niyyar da ta fi tata tsarki a littafin duka. Sai dai harshen ba shi da sunan da zai ba tafiyarta. Tafiyar da aka san mace da ita ita ce unguwa, da biki, da ganin gida, da goyon ciki, da yaji, dukansu daga gidan wani namiji zuwa gidan wani. Mace ita kaɗai a kan hanyar hamada ba ta da madugu, ba ta da fatoma. Wanda ta amince da shi ya yaudare ta, ta ƙare cikin bauta a Tarabulus, ta rasu jim kaɗan bayan ta ga ɗan nata. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta buga a 1954, ya tabbatar da cewa satar mata da yara a hanya abu ne da mutanen wancan zamani suka sani da idonsu.

Wannan shi ne wuri mafi ƙarfi a littafin, kuma a nan ne za a tuhumi marubucin. Ya nuna azabar bauta a jikin uwa, amma a wajen ɗa ya bar neman ilmi ya lulluɓe ta, har mai karatu ya kusa mantawa cewa Abdulkarim, mutumin kirkin labarin, da cinikin bayi yake arziki. Kyakkyawan suna ya wanke mummunar tafiya, littafin kuma bai tsaya ya tambayi wankin ba. Haƙurin da Umar ke ba da labarinsa da shi ya dace da halin malami, amma ya rage wa littafin zafin da abin da ya faru ya cancanta.

4.3 Ganɗoki

Littafin Bello Kagara yana tsaye ne a kan bambancin kalmomi biyu, gudu da hijira. A 1903, bayan Turawa sun ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar, waɗanda suka tsira kuma wasunsu suka isa Sudan, inda ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa. A idon Turawa waɗannan mutane gudu suka yi. A bakin masu tafiyar kuwa hijira ce, irin wadda Shehu Usmanu ya yi daga Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Jarumi ba ya gudu, amma yana iya yin hijira, ya zarce hajji, mutuncinsa bai taɓu ba. Da wannan kalma ce marubucin ya fitar da Ganɗoki daga fagen da aka ci shi da yaƙi ba tare da ya kunyata shi ba.

Matsalar ita ce abin da ya biyo baya. Da Ganɗoki ya bar ƙasar da marubucin ya sani, sai labarin ya faɗa duniyar aljannu da yaƙe-yaƙen mafarki. Ainihin hanyar gabas, wadda talakawa suka bi shekara da shekaru suna noma a Chadi da Sudan don su sami guzurin gaba, ba ta sami shiga ba. An sami littafi mai rabi biyu da ba su haɗu ba, aka kuma yi hasarar labarin da ya fi na aljannun ban mamaki.

4.4 Jiki Magayi

John Tafida da East sun kawo kishiyar Ruwan Bagaja. Abubakar ma magani ya fita nema, ya sha wuya, ya samu, ya komo. Zubin tafiyar ɗaya ne da na Alhaji Imam, niyyar ce ta bambanta: wancan don ya warkar, wannan don ya lalata ɗan Malam Shehu da Zainabu. Tsarabar da ya kawo ita ta mai da yaron ɓarawo, ta jefa shi yawon duniya, ta kai ga zubar da jini. Littafin ya nuna cewa marubutan nan ba su ɗauki tafiya alheri a kan kanta ba. Abin da aka fita nema shi ake komowa da shi.

5.0 Sabuwar Tafiya da Neman Suna

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, mota da jirgin sama suka biyo baya, ayarin jakuna ya mutu. Sai aka sami wata irin tafiya da harshen bai tanadar mata suna ba, watau mutum ya je wata ƙasa don ya gani kawai. A 1943 Abubakar Imam, yana editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila cikin ƙungiyar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya rubuta littafin da ya kira Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya kira nasa Motsi Ya Fi Zama. Ba banza ba ne duka biyun suka ɗauko sunan littafi daga karin magana. Kowannensu yana neman ya shigar da tafiyar Turai cikin tsohon aji na neman ilmi, ya kuma ba da littafin a matsayin tsaraba, don kada a ce yawo ya je.

Kalmar da aka ƙirƙira daga baya, "yawon buɗe ido", tana ɗauke da wannan fama a jikinta: an ɗauki kalma mai zargi an jingina ta da amfani don ta halatta. Haka "gudun hijira", wadda ake kiran waɗanda rikici ya raba da gidajensu da ita, ta haɗa kalmomi biyun da Ganɗoki ya yi ta ƙoƙarin rabawa.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa tafiya a waɗannan littattafai tana bin dokar da harshe da al'ada suka shimfiɗa: a fita da niyya, a bi jama'a, a sauka hannun wani, a komo da abin nunawa. Imam ya yi wasa da dokar, Bello Kagara ya fake da ita, Tafida da East sun juya ta, Tafawa Ɓalewa kuwa ya nuna wanda take bari a baya, ko da yake bai tuhume ta ba. A kan wannan ma'auni Shaihu Umar ne ya fi sauran zurfi, Ruwan Bagaja kuma ya fi su sanin halin mutane.

Batun bai tsaya a adabi ba. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Gana, mutanen zango da yawa suka tarar takarda ta fi fatoma ƙarfi. A 2015 Nijar ta kafa dokar da ta mai da jigilar baƙin haure laifi, abin da ya taɓa masu motoci da masu masauki na Agadas, kafin a soke ta a 2023. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewacin Nijeriya sun yi ta mayar da almajirai jihohinsu na asali. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan, hukuma tana kiran tafiyar da suna guda, mai tafiyar yana kiran ta da wani, kuma wanda sunansa ya yi rinjaye shi ke yanke abin da zai sami mutum a hanya. Tsohon suna ma yana iya zama mayafi, yadda ya zama a labarin Umar: ba duk yaron da aka kira almajiri ne yake karatu ba, ba kuma duk wanda aka ce ya tafi ci-rani ne ke komowa da damina ba.

Saboda haka muna ba da shawara ga masu nazarin harshe da adabi su tattara kalmomin tafiya na kowane karin harshe, daga Katsina zuwa Damagaram zuwa zangunan Gana da Kamaru, tun tsofaffin da suka san ayari da hanyar gabas ba su ƙare ba. Muna kuma ganin lokaci ya yi da za a bi sawun matafiya mata a cikin adabinmu, na baka da rubutacce, a ga ko marubutan da suka biyo bayan Tafawa Ɓalewa, musamman mata, sun sama wa tafiyar uwar Umar suna.